Ƙyama Daban, Tsoro Daban

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wata kalmar Turanci da ake yawan liƙa wa talakawanmu cikin rahotanni, wato "aversion". Daga Latin ta samo asali, ma'anarta kau da fuska daga abu. Da Hausa ƙyama ke nan. Sai a rubuta wai mutanen karkara suna ƙyamar ilmin boko, mu kuwa mu kwafa ido rufe.

Bahaushe ya bambanta ƙyama da tsoro. Ƙazanta ake ƙyama, kura ake tsoro. Magidancin da ya ji an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a 2021, ya kuma ji an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida a 2023, in ya tsare 'yarsa gida a Damba ko Tsafe, boko yake gudu ko bindiga?

Ɓarnar wannan kalma ba kaɗan ba ce. In aka ce ƙyama, laifin talaka ne, maganin kuwa gangamin wayar da kai. In aka ce tsoro, laifi ya koma wuyan hukuma, maganin kuwa tsaro. Gobe mu ne za mu riƙe alƙalamin ofis. Kada mu kuskura mu rubuta ƙyama inda tsoro ya dace.