Gida Bai Ƙoshi Ba, Ba A Kai Wa Dawa

Ya ku manoma 'yan'uwana, a wannan mako maganarmu a kan tukunyar miya ta ke. Kowa ya sani ƙasarmu ta Maiyama da Jega da Aliero ba ta rasa kayan lambu ba. Albasar Aliero ta yi suna, ana loda ta a manyan motoci har Ikko da sauran biranen kudu. Amma ka shiga gidan wanda ya noma ta da almuru, ka duba abin da a ke ci da tuwo. Sau da yawa busasshiyar kuka ce da gishiri da ɗunƙulen kanti, yau ita, gobe ita. Mun ciyad da baƙo a nesa, mun bar namu da ragowa. Ra'ayina kuwa shi ne, kafin manomi ya ɗaure buhun kasuwa, ya fara fid da rabon tukunyar gidansa.

Dalili na fari shi ne lafiya. Tuwon gero ko na dawa ya kan cika ciki, ya ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro. Wake da gyaɗa da kifin gulbi su ne masu gina jiki. Ganye kuwa, kamar su zogale da alayyafo, da abubuwa masu jan ciki, watau kabewa da mangwaro da gwanda, su ke ɗauke da abin da likitoci ke kira bitamin A. Rashinsa shi ke kawo dundumi, har yaro ya kasa gani in rana ta faɗi. Wannan magani a gonarka ya ke, ba sai ka saya ba.

Dalili na biyu shi ne kuɗi. Kowane abu in lokacinsa ya yi ya fi araha, ya kuma fi daɗi. Da damina ga rama, da tafasa, da lalo, da yakuwa, da ɗanyar kuɓewa, waɗansunsu ma ba mai shuka su. Da kaka ga kabewa da sabuwar gyaɗa, sai miyar taushe. Da rani lambu ya kan kawo tumatir da tattasai da albasa da lawashinta. Da bazara, sa'ad da kome ya yi wuya, sai a koma ga abin da aka shanya. Wanda ya bi shekara haka, uwargida ba za ta maimaita miya ɗaya kwana bakwai ba, kuɗin cefane kuma zai ragu. Malaman ofis da 'yan kasuwa da ba su da gona, ku ma ku bi wannan lissafi a wajen cefane.

Haka kuma kayan zaƙi na bayan tuwo. Maimakon a ba yara kuɗin alewar kanti kullum, a dafa musu dankali, ko a yanka kankana, ko a yi musu kantun riɗi da kunun gyaɗa. Da bazara kuwa mangwaro ya ishe su.

Na san wani zai ce, Malam, bashin taki da na man inji na kaina, yaya zan rage kaya? Gaskiya ne, bashi ba ya jira. Amma kwando guda na albasa cikin buhu hamsin ba shi zai hana ka biya ba. Ka tuna kuma lokacin cire albasa kowa ya ke kai tasa kasuwa, shi ya sa ta ke faɗuwa. In ka sayar duka a lokacin, da damina sai ka saye ta ƙwaya-ƙwaya da tsada. Ƙananan da dillali ya ke rainawa a yanka a shanya, lawashi a kirɓa a yi gabu.

Wani kuma zai ce ba shi da fadama. To, ba sai da fadama ba. Ka auna taku biyar tsawo, biyar faɗi, kusa da rijiya ko randa, ka kewaye da kara domin awaki. Ka zuba takin gida wanda ya ruɓe, ka dasa zogale a gefe, ka yafa alayyafo, ka sa kabewa ta hau danga. Ruwan alwala da na wanke hatsi ya isa ban ruwa.

Ga gargaɗi guda biyu. Na ɗaya ga iyayengiji mata: kada a cika kanwa, kada kuma a bar ganye a wuta har ya yi baƙi, gama amfaninsa ya kan tafi. A wanke shi kafin a yanka, a zuba shi daga ƙarshe, a sa ɗan man gyaɗa ko manja, don jiki ya fi karɓar bitamin A in da mai. Na biyu ga masu feshi: in ka fesa magani, ka jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ka tsinka. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da Bature ya ƙi ci, bai kamata mu zuba wa 'ya'yanmu ba.

Saboda haka, maigida, bana ka sa gidanka ya zama mai saye na fari, kasuwa ta biyo baya. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Allah ya ba mu lafiya da amfani mai albarka, amin.