Kimiyya a Gonarmu: Ma'aikatan da Ke Ƙarƙashin Saiwar Gyada

Manoman Dutsin-Ma da Kurfi sun daɗe da sanin cewa gero ko dawar da aka shuka a gonar da ta yi gyada ko wake bara sun fi yin kore da ƙarfin kara. Dalilin yana cikin ƙasa.

Ƙasar gona cike take da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Cikinsu akwai wata bakteriya mai suna rizobiyam. Tana shiga saiwar gyada, wake da waken suya, sai saiwar ta yi wasu 'yan ƙuraje inda bakteriyar ke zama. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya amfani da shi kai tsaye. Rizobiyam ce ke mayar da shi abincin da shuka ke sha, ita kuma shukar ta ciyar da ita da sukarin da ganye ya haɗa. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, shi ne ya fara ware wannan bakteriya a 1888.

Saboda haka iri kaɗai ba ya yanke hukuncin yadda shuka za ta kasance. Iri ɗaya a gona biyu, ɗaya ganyenta kore shar, ɗaya rawaya, sau da yawa bambancin yana wajen waɗannan halittu. Shi ya sa cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Nodumax, garin rizobiyam da ake cuɗa irin waken suya da shi kafin shuka.

A daidai lokacin da buhun yuriya ya fi ƙarfin iyayenmu da dama, wannan taki ne na kyauta. Ƙona karmami a gona da maimaita hatsi shekara da shekaru suna raunana shi. Takin gida da juya shuka suna ƙarfafa shi.

Ga aikin gida: ku nemi izini ku tuge gyada ɗaya mai fure, ku wanke saiwar, ku tsaga ƙurji guda. In cikinsa ja-ja ne, bakteriyar tana aiki. In fari ne ko kore, ba ta aiki. Ku nuna wa malamin aikin gona, sannan ku rubuto mana abin da kuka gani.