Ranar Da Waya Ta Yi Shiru

Yawancinmu mun san rediyo a kan akwatin da ke magana, mu kuwa muna saurare. Amma akwai waɗansu mutane a ƙasashe da yawa masu ajiye irin rediyon da ake magana a amsa. Ba don kuɗi suke yi ba, sha'awa ce kawai. Sai sun ci jarrabawa sa'an nan hukuma ta ba su lasin da lambar kira. Ta Nijeriya takan fara da 5N, ta Nijar kuwa da 5U.

Ran 26 ga Disamba 2004 aka yi babbar girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra. Teku ya yi ambaliya, mutum fiye da 200,000 suka rasu. A tsibiran Andaman na ƙasar Indiya lantarki ya yanke, wayoyi suka yi shiru. Aka yi dace wata mace mai suna Bharathi Prasad tana birnin Port Blair tare da abokan aikinta. Sun je da kayan rediyonsu ne domin su gaisa da masu irin sha'awarsu na ƙasashen duniya. Nan take suka bar gaishe-gaishe, suka shiga aika saƙon hukuma da na iyalai zuwa cikin Indiya: wane yana da rai, wance na neman 'ya'yanta, wuri kaza ana bukatar magani.

Me ya sa nasu ya yi aiki? Wayar hannu ba ta kai magana sai ta bi ta hasumiya, hasumiya kuwa sai da wuta. Rediyon gajeren zango ba ruwansa da wannan. Batirin mota mai bolt 12 ya ishe shi, eriyarsa kuwa waya ce da za a iya ɗaurawa tsakanin itatuwa biyu. Maganar takan tashi sama kamar kilomita 300, ta tarar da wani sashen iska da ke komo da ita ƙasa, ta sauka a wuri mai nisan gaske. Oba-oba ta hannu ba ta yin haka, iyakarta kusa-kusa. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Amma mu lura, waɗannan mutane sun daɗe suna koyo kafin masifa ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye, in muna da yaro mai son kwance tsohon rediyo yana leƙa cikinsa, kada mu tsawata masa. Mu nema masa malami, ya koya, ya nemi lasin bisa ga doka. Wata rana garinsu zai bukace shi.