Makarantar Haziƙai ta Suleja da Ma'aunin Zaɓe

Tun da aka kafa makarantar haziƙai a Suleja a zamanin Janar Ibrahim Babangida, maƙasudinta shi ne a tattaro yaran da Allah ya hore wa fahimi na musamman daga kowace jiha, a karantar da su kyauta. Niyya kam ta yi kyau. Abin da ke buƙatar nazari shi ne ma'aunin zaɓen.

Shehin malami Lewis Terman na Amurka, wanda ya fara bibiyar haziƙan yara kimanin 1,500 a 1921, an auna masa wasu yara biyu, William Shockley da Luis Alvarez, ba su kai mizani ba, alhali kuwa su ne daga bisani suka sami lambar Nobel, wadda ko ɗaya cikin zaɓaɓɓunsa bai samu ba. To, yaya jarrabawar shiga makarantar Suleja ta hukumar NECO, wadda ake rubutawa da Turanci, za ta gano almajirin da ya haddace izu sittin tun bai balaga ba, ko yarinyar da ke lissafin cinikin tallar mahaifiyarta da ka, ba ta kuskuren ko kwabo? Wajibi ne Ma'aikatar Ilimi ta aika masu tantancewa tsangayu da firamaren ƙauyuka, su jarraba yara da harshen da suka tashi da shi.