Kibod na Roba da Ƙurar Gobir

A Burkusuma da garuruwan Sabon Birni da Isa, ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabar kibod, takan cushe ƙarƙashin maɓallai har su cije. Shi ya sa na roba ke burge ni: a naɗe shi kamar tabarma, a jefa a jaka, a hau babur, in ya yi dauɗa a wanke. Amma kada a koyar da ɗalibai a kansa. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma kibod mai tauri za su tarar a can. Na roba laushi gare shi, sai an danna da ƙarfi. Wurinsa asibitin karkara, inda kullum ake goge kaya da maganin kashe ƙwayoyin cuta.