A Bar Magada Su Yi Kiɗinsu

Akwai wata magana da ba ta fita daga bakin iyayenmu a nan Cheberu, har da Kalgo da Gwandu, wai kiɗi ya mutu tun ran da Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya kwanta dama. Allah ya yi masa rasuwa a 1991, shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, ke nan a cikinmu ɗaliban yau babu wanda ya gan shi da ido. Duk da haka mun san muryarsa sarai, domin ba ta rabuwa da rediyo da wayoyin dattawa. Ni ma ina son waƙoƙinsa ƙwarai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda begen marigayi ya zama sandar dukan waɗanda suka gaje shi, da ma duk wani ɗan makaɗi da ya ɗauki gangar ubansa.

In yaro ya tara mutanen mahaifinsa ya rataya kotso, tun kafin ya buɗe baki an riga an yanke masa hukunci. Sai ka ji wani ya ce, "Haba, ai bai kai ubanai ba," ya kaɗe riga ya yi gaba.

To, jama'a, shi Ɗanƙwairon daga sama ya faɗo? Magaji ne shi ma. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin fada ne a Maradun. Da ya rasu, wansa Kurna ne ya riƙe gidan, Musa kuwa yana baya a matsayin Daudun Kiɗi, ya yi shekara da shekaru yana amshi kafin jagora ya zo hannunsa. Da mutanen wancan zamani sun toshe kunne sun ce su dai Kurna suka sani, da ina za mu sami waƙoƙin da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello da 'Yandoton Tsafe? Haka kuma a Yawuri, Sani Aliyu Ɗandawo ya gaji mahaifinsa, aka ba shi fili, har ya yi nasa sunan.

Wani abin da masu bege ke mantawa shi ne, waƙar fada ba aikin baki ɗaya ba ce. Jagora ya kan ɗauko ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari nasu, sannan a koma kan gindin waƙa, ga masu kotso suna riƙe da kari, ga sanƙira yana kirari yana fito da abin da aka faɗa. Duk wanda ya kasa kunne da kyau ga waƙar Ɗanƙwairo zai ji sau da yawa 'yan amshi sun fi shi yawan magana. Daɗin nan da ake kuka ya tafi, rabinsa nasu ne, kuma a gidajen kiɗi da dama su ko 'ya'yansu suna nan da ransu.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Ingila akwai wata ƙungiyar makaɗan jita mai suna Queen, masu kiɗin da ake kira rok. Mawaƙinsu Freddie Mercury ya mutu a Nuwamban 1991, shekara ɗaya da Ɗanƙwairo. Mai jitarsu Brian May da mai gangarsu Roger Taylor ba su ajiye sana'a ba. Suka yi yawo da Paul Rodgers, daga baya kuma, tun daga 2011, da wani Ba'amurke Adam Lambert. Masoyansu sun yi ta gunaguni cewa babu kamar na farko, amma suna gunagunin suna sayen tikiti suna cika fili. Mu kuwa mu yi gunaguni, mu kuma ɗaure bakin aljihu.

Ni dai a ganina, iyayenmu su gafarce ni, ba murya kaɗai suke bege ba. Suna begen ƙuruciyarsu ne, da daren da aka kewaye kaset a dandali, da abokan da suka riga mu gidan gaskiya. Wannan kuwa ba magajin da zai iya maido musu da shi, ko da ya fi ubansa zaƙin murya.

Ga abin da rainin ya jawo. A wani biki da na je da rani, an yi hayar lasifika aka yi ta sa waƙoƙin marigayin har dare, alhali kuwa a ƙauyen akwai gidan kiɗi. Da na tambaya, sai aka ce ɗan gidan ya gaji da zama ba mai kiransa, ya tafi Birnin Kebbi yana kabu-kabu, gangunan kuwa suna rataye a zaure, fatarsu ta tsage.

Saboda haka ina roƙon shugaban makarantarmu da ƙungiyar Hausa, ranar rabon kyaututtuka ta bana a gayyato ɗaya daga cikin gidajen nan, a biya su kamar yadda za a biya mai lasifika. Iyayenmu kuma in sun zo, don Allah su zauna har a kai ƙarshen waƙa.