Wa Zai Gwada Mana Ƙasa da Ruwa?

Akwai wata magana da muke yawan ji a gidajenmu idan yaro ya gama digiri a fannin kemistiri. Sai a ce, "Ayya, likita ya so zama, bai samu ba." In kuwa ya ce zai koma jami'a ya yi digiri na biyu a kan gurɓatar ƙasa da ruwa da ilimin guba, sai a tambaye shi wa zai ciyar da shi kafin ya gama. Mu dai a ganinmu wannan karatu ya cancanci a tsaya wa mai yin sa kamar yadda ake tsaya wa mai karatun likita. Dalilinmu yana Zamfara.

A shekara ta 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yaro ya yi amai, ya kama farfaɗiya, ya tafi. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika da jini aka gwada, sa'an nan aka gane gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana cike da dalma, ana kawo shi cikin gida, ana niƙa shi da injin niƙa, ana shanya shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Tun kafin haka agwagi sun ɓace daga ƙauyukan, amma babu wanda ya karanta wannan alama.

To, ga abin da muke so a lura da shi. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma in an ba yaro ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, aikin banza aka yi. Dole likita ya jira mai gwada ƙasa. Masu gwajin sun bi gida gida da na'ura, suka tarar a wasu wurare dalma ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na wurin wasan yara a lokacin kashi 400 ne. Su ne suka nuna inda za a kankare ƙasa, da inda za a binne ta, da lokacin da gida ya koma lafiya. Garin Bagega bai samu wannan share ƙasa ba sai 2013, don kuɗin gwamnati ya makara, yaransa kuwa suna jira. Waɗanda suka jagoranci aikin gwajin da sharewar ƙwararru ne daga Amurka. Mun gode musu ƙwarai. Amma a 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Har yaushe za mu riƙa jiran baƙo ya zo da na'urarsa?

Karatun nan ba wani abin duhu ba ne. Mai kemistirin muhalli yana koyon gano abin da ke cikin ƙasa da ruwa da iska, da yawansa. Mai ilimin guba yana koyon abin da wannan yawa zai yi wa jiki. Shi ne zai gaya maka jikin ƙaramin yaro yana shan dalma sau huɗu ko biyar fiye da na babba, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Mai auna haɗari kuwa shi ke haɗa waɗannan biyu ya ce a fara da wane gida, a rufe wace rijiya. Inda kuɗi ba su da yawa, wannan hukunci rai ne.

Kada a ce maganar masu haƙar zinariya ce kaɗai. Ruwan jima daga masana'antun fatu na Challawa da Sharaɗa a Kano yana gangarawa inda ake noman rani. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa, wato waken da muke dafa wa 'ya'yanmu. Doka kam muna da ita: sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a Koko a 1988 ta sa aka kafa hukumar FEPA, daga baya NESREA ta zo a 2007. Amma doka ba ta iya ɗebo ruwa ta gwada.

Iyayen da ke jin tsoro ba su yi ƙarya ba. Aiki a wannan fanni ba ya zuwa da sauri, kuɗin makaranta ya hau, ɗakunan gwaji da yawa kuma suna fama da rashin wuta da lalacewar na'urori, har ɗalibi yakan biya daga aljihunsa a gwada masa samfur a wani gari. Wasu in sun samu tallafi sun tafi Ingila ko Jamus, ba su dawowa. Wannan yana sa mu ce a taimaki wanda zai yi bincikensa a nan, a Zariya ko Jos ko Kano, a kan ƙasar da ya fito.

Ikkilisiyoyinmu sun haƙa rijiyoyi da yawa a ƙauyuka, suna kuma da asibitocin sha-ka-tafi. Rijiya nawa aka gwada ruwanta bayan ranar buɗewa? Muna roƙon kwamitocin ilimi na gundumomi, idan za a raba taimakon karatu na bana, a ware gurbi ɗaya ga mai digiri na biyu a wannan fanni, da sharaɗin cewa samfurin bincikensa zai fito daga rijiyoyi da gonakin gundumar, ya kuma karanta wa jama'a sakamakon da Hausa.